Jirgin da Aka Goge da Soson Tukunya

Ribit ɗin farko da na riƙe wa Usta Bashari, hannuna na cikin fiffiken jirgi har kafaɗa, kuncina manne da alminiyum mai zafi, ba na ganin abin da nake yi. Dama ba a gani, ji ake yi. Ribit ƙusa ce marar zare, ana zura ta a huda a daki kanta har gindinta ya baje ya kama. Shi yana waje da bindigar iska, ni hannuna na ciki da wani guntun ƙarfe mai nauyi da muke ce wa 'yar maƙera, na tokare gindin ƙusar. Ya ƙwanƙwasa, wato kin shirya? Na ƙwanƙwasa masa. Ya danna, haƙorana suka kaɗa har cikin kunne. Na zaro hannu, ya zura ɗan madubi da tocila, ya daɗe yana leƙe.

"Ya bitti, wannan ƙusa ce ko kashin akuya?"

Ta karkace. Ya huda ta ya cire, muka sake. Ta biyu ma haka. Har aka kira la'asar ba mu gama layi ɗaya ba, kuma fiffike guda layuka ne birjik.

Na fara da wannan ne saboda ku masu turo mini bidiyo daga gida. Wani ya haɗa abu da kwanon rufi da injin babur, unguwa ta taru ana tafi, sai a rubuto mini, "Anti, ke da kike Doha ki koya mana sauran." Babu wani saura. Abin nan ba jirgi ba ne, makara ce mai fanka. Ku zauna ku ji yadda na gaske yake, sannan ku bar ni na huta.

Ni aikin gida ya kawo ni Doha. Na gama makarantar fasaha a Kaduna, wayarin gida na koya, na zauna ba aiki. Kawu Ilu, ƙanen mahaifiyata, direba ne a gidan wani Balarabe, Abu Nasir, can bayan Al Mirqab, shi ya samo mini gurbi a kicin ɗin matarsa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa Uwata yake ce mini.

Abu Nasir ya ajiye aiki, zama ya ishe shi, sai ya yi odar jirgi mai cin mutum biyu, irin wanda ke zuwa a akwatunan katako kai ne za ka haɗa. Ya kama shago a Sanaiya, unguwar makanikai, ya ɗauko Usta Bashari, wani dattijo ɗan Sudan da ya tsufa a gyaran ƙananan jirage. Kakanninsa Hausawa ne da suka nufi Makka a ƙafa suka tsaya a hanya, Hausarsa irin ta tsofaffin ƙauye, rabi Larabci, ya bitti yake ce mini, wato 'yata. Wata rana na raka Kawu kai musu abinci, muka tarar Usta na neman mai riƙe masa 'yar maƙera. Kawu ya zura hannu a ƙofar fiffike ya maƙale, sai da aka shafa sabulu. Usta ya dubi damtsena ya ce da Abu Nasir, "Wannan nake so." Madam ta yi ta faɗa, aka dai raba ni biyu: safe kicin, bayan azahar Sanaiya.

Da hannuna ya faɗa, Usta ya ce in jirgin nan ya tashi zai kai ni wajen mutanensa a filin ƙananan jirage da ke arewa, suna neman hannu irin nawa. Ya yi maganar a gaban Abu Nasir, tunda shi ne kafil ɗina, mai riƙe da takardun zamana, sai ya sake ni zan iya canza aiki. Abu Nasir ya ce, "In ya tashi, ta tafi." To kun ji. Shi abin wasa yake haɗawa, ni hanyar fita daga kicin nake dakawa.

Kafin a daki ƙusa ɗaya akwai aikin da ba wanda ke ɗauka a bidiyo. Za ka huda, ka warware komai, ka bi kowace huda ka kankare ƙaiƙayin bakinta gaba da baya, ka share, ka mayar. In ka bar ƙaiƙayi, daga nan tsaga ke farawa. In ka kankare da yawa, hudar ta yi faɗi, ka ɓata. Na yi makonni ba abin da nake yi sai wannan, yatsuna duk filasta. Na ce da Usta, "Wai ni jirgi na zo koya ko tsince shinkafa?" Ya ce, "Shinkafa. Yalla."

Ranar da muka zo bangon da ke raba injin da mazaunin matuƙi, a nan na fara jin maganar ƙarfe biyu. Bangon silba ne, irin na cokali, don ya tare wuta. Abin da ke riƙe da shi kuwa alminiyum. Na je kasuwar gwanjo ta Najma na ga ribit na silba masu sheƙi, na kawo ina murna, na ce ga masu ƙarfi. Usta ya juye su a kwandon shara bai ko dube ni ba. Ya ce ƙarfe biyu mabambanta in suka haɗa jiki, danshi ya shiga tsakani, sun zama batir, kuma ɗaya sai ya ci ɗaya. Alminiyum ne kullum ake ci. A garin da iskar ma gishiri ce, da rani ka rataya riga busasshiya ka tarar da ita jiƙe, wannan ba maganar littafi ba ce. Don haka duk inda baƙin ƙarfe ko silba zai taɓa alminiyum, sai mun shafa wani fenti ruwan ɗorawa a fuskokin biyu, mun tsoma ita kanta ƙusar a ciki, sannan mu daka tun bai bushe ba. Yana wari, yana ɓata hijabi, sabulu ba ya fitar da shi. Na ƙare da hijabi guda na aiki, Madam ta hana ni shigar mata kicin da shi.

Wayarin kuwa na ɗauka a nan zan nuna wa Usta ni ma na je makaranta. Na ɗauko dalma zan liƙe bakin waya, ya karɓe ƙarfen liƙin ya kulle a durowa. Jirgi rawa yake yi tun daga tashi har sauka, wayar da dalma ta sandarar kuwa daidai inda dalmar ta ƙare take karyewa. Matsewa ake yi da filaya ta musamman, ka ja da ƙarfinka, in ta zare ka yanke ka sake. Wayar mota ba ta shiga jirgi, don in ta ɗau zafi hayaƙinta ya isa ya kashe ka a ɗakin da ba shi da ƙofar gudu. Farar waya ce siririya, ana ɗaure ta dami-dami da zare mai kakin zuma, duk inda za ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba. A mota kana ɗaure negatib a kowace kusurwa ka samu. A nan a'a, bakin waya jan ƙarfe ne, jikin jirgi alminiyum, ƙarfe biyu ke nan kuma. Duk sai mun ja su sun koma wuri guda bayan allon mita.

Wayar fitilar bakin fiffike ta ci mini yini guda. Na zura ta ta cikin haƙarƙarin fiffiken ɗaya bayan ɗaya ina kwance a kan siminti, na kai ƙarshe, Usta ya shafa da yatsa ya ce zobe ɗaya ya zame a tsakiya. Na ce ba mai gani. Ya ce, "Wuta tana gani." Na zare duka.

Abokan Abu Nasir kan zo da yamma su tsaya da kofin shayi suna ba da shawara. Wannan a sa masa wurin cajin waya, wancan a sa ƙaramin firji. Wani ya tambaya ko za a iya sa masa fitilu masu launi a ƙasa irin na motar ɗansa. Usta sai ya ce, "Insha Allahu," ni kuma in ce ba zai yiwu ba, Kawu ya taka mini ƙafa.

"Uwata, ba a ce wa baƙon mai gida a'a."

"To Kawu me ake ce masa in abin bai yiwuwa?"

"Insha Allahu mana. Ba ki ji babba ya faɗa ba?"

Haka muka ci shekara da wani abu. Fukafukai biyu sun kammala, gangar jiki ta hau taya, wayari saura kaɗan. Ba a yi fentin waje ba, ba a rufe ƙofofin leƙe na ƙasan fiffike ba, don mai duba jirgi sai ya ga ciki kafin ya sa hannu.

Sai shekarar banza ta shigo. Faɗa ya ɓarke a garin su Usta, matarsa da 'ya'yansa mata suna can. Ya ce zai je ya fito da su ya dawo, ya ba ni makullin durowarsa. Da farko yana kira, daga baya wayar ta daina shiga. Abu Nasir ya jira, ya gaji da riƙe shago ba aiki, ya sa aka kwashe jirgin aka kai gonarsa da ke arewa, aka ajiye ƙarƙashin rumfar motoci. Ni ba a je da ni ba, Madam ta samu abin da take so, na koma kicin safe da yamma. Kawu aka mayar gonar yana kai-komo da kayan dabbobi. In mun yi waya ya kan ce, "Jirginki na nan ƙalau, ina kula da shi." Ni na ɗauka gadi yake nufi.

Rani ya wuce, sanyi ya shigo, Madam ta kwashi gida zuwa gona hutu, har da ni don girki. Tun daga ƙofa na hango shi yana walƙiya, ido ba ya iya tsayawa a kai. Alminiyum ɗin da muka bari ba haka yake ba, dishi-dishi yake. Kawu ya taro ni yana washe baki.

"Uwata, zo ki ga aikinki. Ko madubi albarka."

"Kawu, da me ka goge shi?"

"Da me ake goge alminiyum? Soson ƙarfe mana, da sabulun nan na wanke ƙasan gareji. Tattabarun gonar nan ba su da kunya, kullum sai sun yi masa ado. Na ce aikin uwata ba zai zauna cikin kashi ba."

"Kullum?"

"In na wanke motoci na haɗa da shi. Ba taya gare shi ba?"

"Ruwan fa, daga ina?"

Ya nuna mini tiyo da injin feshi, daga rijiyar gona. Na tara hannu na kai baki. Gishiri, har da ɗaci.

A nan ne nake so ku buɗe kunne. Duk direban gida a ƙasar nan ya san ƙa'ida: abin mai gida in dai yana da taya, a wanke shi da safe, ko an hau ko ba a hau ba. Mu kuma a tukunya muka san alminiyum, kuma tukunyar da ba ta sheƙi ta ƙazama ce. Kawu ya haɗa biyun nan, ya yi abin da kowace uwa a gida za ta yaba masa. Amma tukunya kauri gare ta. Fatar jirgi ba ta fi kwalin sabulu kauri ba, kuma a samanta akwai wani siririn rufi da ke kare ta. Soso ya kankare rufin, ya bar ɓurɓushin baƙin ƙarfe a cikin kowane ƙarci. Ƙarfe biyu ke nan, ba a wuri ɗaya ba, a ko'ina. Sannan ruwan gishiri a kai, rana ta busar, gobe a sake. Shi ya sa kullum yake ganin tabo ya dawo, kullum yake ƙara gogewa.

Na durƙusa na zura hannu a ƙofar leƙe. Ruwa kwance a ciki, injin feshi ya tura shi inda ba zai fita ba. Fentin nan namu an yi shi don danshin iska, ba don jiƙo ba. Na kai yatsa wajen da maƙalin baƙin ƙarfe ya kama fiffike, na ji gari. Na zaro hannu fari fat kamar na taɓa alli. Na danna kan wata ƙusa da farce, ya ɓalle ya faɗo mini a tafin hannu.

"Kawu, ka kashe shi."

"Haba Uwata. Wanka ke kashe abu?"

Na ɗora masa kan ƙusar a hannu. Na danna ta kusa da ita, ita ma ta faɗo. Ya cire hula ya riƙe, ya daɗe yana salati. Sannan ya ce, "Ki gaya wa mai gida ni ne. Kada ki bari a ce aikinki ne."

Dama zan gaya masa, ni ban iya kwana-kwana ba. Abu Nasir ya zo bayan la'asar, na nuna masa da ɗan Larabcina da ɗan Turancina, Kawu na tsaye kamar wanda za a yanke wa hukunci. Na shirya jin faɗa. Bai yi ba. Ya shafa fiffiken, ya dubi hannunsa, ya yi 'yar dariya ya ce da Kawu ko motarsa bai taɓa goge ta haka ba. Da ya yi faɗa da ya fi mini, don mai faɗa bai haƙura ba.

Na ce a ba ni dama. A yi odar sabuwar fata, zan huda tsofaffin ƙusoshi na cire ɗaya bayan ɗaya, na san hanya. Ya ce wa zai riƙe bindiga? Ribit ba aikin mutum ɗaya ba ne. Kawu ya ce shi zai riƙe.

Mun gwada, kada ku ce ba mu gwada ba. Na ɗauko ragowar alminiyum na huda, na nuna masa yadda ake dafa bakin bindiga a miƙe, a danna kaɗan a saki. Mutumin da ya yi shekaru yana riƙe sitiyari ya ɗauki bindigar. Ya danna, bindigar ta zame ta bar lotsa kamar an taka gwangwani. Muka sake. Ya ji tsoro ya saki da wuri, ƙusar ba ta baje ba.

"Kawu, dafa! Ba jariri ba ne!"

"Ina dafawa, Uwata. Ita ce ke tsalle."

"To ka hana ta!"

Ya ajiye bindigar ya ce bari ya yi alwala. Na ga yana goge ido da hula, na ce masa ruwan alwala na can baya.

Ko da hannunsa ya faɗa, akwai babbar tambaya, ko cin ya kai ƙashin bayan fiffike, dogon ƙarfen da ke ɗauke da nauyin jirgin gaba ɗaya. Na cire fata ɗaya na leƙa. Wajen maƙalin ya yi ramuka ƙanana, gefen ya fara tashi ɓawo-ɓawo. Na ɗauki hoto ta kowane gefe na tura wa lambar Usta, duk da na san ba ta shiga.

Bayan mun koma gari sai ga saƙon murya daga wata baƙuwar lamba. Usta ne, ana jin yara da iska a bayansa. Ya ce sun tsallaka iyaka, suna sansani, 'yarsa ɗaya ba su san inda take ba, ba zai motsa ba sai ya ji labarinta. Wani ne ya buɗe masa saƙonnin ya ga hotunan. Ya ce, "Ya bitti, ya kai ƙashi. Khalas, ya ƙare. Kada ki ɗora ɗan kowa a kansa, ko sun roƙe ki. Kayan durowa ki riƙe."

Na kunna wa Abu Nasir, na fassara masa. Ya ce Allah ya bayyana yarinyar, ya ce zai aika wa Usta taimako, kuma na san ya aika. Sabon fiffike kuwa ya ce a'a, ya gaji, gwiwarsa ma ta fara ciwo, yaransa dama ba sa so ya hau. Na ce to maganar sakina fa, in je filin jirage in nemi mutanen Usta da kaina? Ya dube ni ba da mugunta ba, ya ce, "Ya tashi?" Na ce bai tashi ba. Ya buɗe hannu, wato shi ke nan. Na taɓa zuwa filin ranar hutuna, Kawu ya kai ni. Mai gadi ya tambayi takardar shaidar aiki, na ce hannuna ne shaida, ya ce in zo da wanda ya koya mini.

Injin an sayar wa wani mai jirgi. Gangar jikin tana gona, kaji sun samu ɗaki. Fiffike ɗaya kuwa abokin nan mai son fitilu ya ba da shawara, aka kawo shi gida aka rataye a rufin majalisar baƙi da sarƙa. Abu Nasir ya ce tunda ni na san cikinsa, ni zan sa masa wuta. Na zare farar wayar da na ɗaure da zare dami-dami, na zura igiyar fitila mai canza launi, irin ta shagon aski, da rimot. Aikin bai kai tsakanin azahar da la'asar ba. Baƙi suna yabawa, an ce har hoto suke ɗauka a ƙarƙashinsa. Shi ne aikin jirgi na ƙarshe da na yi.

Kawu yana nan yana tuƙi. Ya daina ce mini komai a kan jirgi, in mun haɗu a ƙofar kicin ya tambayi lafiyar mutan gida ya wuce. Kayan Usta suna ƙarƙashin gadona, ina shafa musu mai lokaci-lokaci don kada su yi tsatsa, ban san wa nake ajiye wa ba.

Don haka mai son koyo ya nemi wani, ni ba ni da shago, ba ni da mai riƙe mini bindiga. Abin da zan iya gaya muku kyauta shi ne cin nan ba ya tsayawa don an rataye abu a ɗaki mai sanyi. Yana nan yana aikinsa a ciki. Kowace safiya akwai farin gari a kan kafet ɗin majalisa, layi guda daidai tsawon fiffiken, kuma sharar majalisa a cikin aikina take.